Gatsa Ɗaya a Gida Bakwai

"Ta waye wannan?"

Hulkar ta tsaya cak a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Gwaggo Mohlar, ƙanwar babanta, ta buɗe akwatin kayan aure tana duba barguna, sai ga shi ta zaro wani ƙunshi daga can ƙasa. Farin ƙyalle ne, cikinsa gurasa guda ta bushe ƙamas kamar katako, an gatsa gefenta sau ɗaya.

"Gwaggo, don Allah ajiye..."

"Tambayarki na yi. Haƙoran uban waye a jikinta?"

"Na Yaya Doniyor ne."

Gwaggo ta zauna daɓas a kan barguna, ta dafe ƙirji.

"Shekara uku? Shekara uku kina kwana da wannan a ɗaki, mu muna waje muna yi wa mutane dariyar yaƙe? Ke uwarsa ce ko matarsa?"

Hulkar ta jingine tsintsiyar a bango. A wajenmu nan Margilan in mutum zai yi doguwar tafiya sai ya gatsa gurasa sau ɗaya, a rataye sauran a bango. Rabonsa ke nan ya bari a gidan, rabo kuwa ba ya barin mai shi ya ɓata, sai ya jawo shi ya dawo ya cinye. Uwa ke ajiyewa, ko matar aure. Doniyor ba shi da ko ɗaya. Ranar da zai tafi ya biyo ta tanderun babanta, ya sayi gurasa mai zafi, ya gatsa, ya miƙa mata sauran ba tare da ya ce uffan ba. Ita ma ba ta ce komai ba ta karɓa. Iyakar alkawarin da ke tsakaninsu ke nan, kuma tunda ba ta da hurumin ratayewa a bango, sai ta binne ta ƙasan akwati. Duk wata takan fito da ita ta sha iska saboda ƙwari, ta sauya mata ƙyalle.

"Gata Alhamis ce," in ji Gwaggo, tana nuna ta da gurasar. "Matan gidan su Sardor mai neman aurenki za su zo karo na uku. Kin san me ake yi a na uku."

Ta sani mana. Zuwan farko da na biyu shayi ne da kewaye-kewaye. A na uku ake karya gurasa a gaban dangi, in an karya kuwa magana ta ƙare, yarinya ta zama tasu.

"Baba bai ce dole ba."

"Bai ce ba. Cewa ya yi ki kawo masa mutum a tsaye, ba murya a waya ba. Shekarunki ashirin da huɗu, 'yar nan. Sa'anninki suna yaye na biyu."

Uwar Hulkar tana tsakar gida tana jin komai, amma ita in Gwaggo na gida bakinta hutu yake ɗauka.

Shi Doniyor mai dafa osh ne, dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago da ba a biki a garin nan sai da ita. Hannunsa na da kyau, har manya sun fara neman sa da suna. Ana zaune ƙalau ya ce shi sai ya je ya ga yadda sauran mutane suke dafa tasu shinkafar, wata shida zai yi. Wata shidan ne ya haifi 'ya'ya. Duk inda ya sauka sai ya shiga madafar wani ya kama wanke tukwane har a yarda ya riƙe ludayi, in ya koyi abin da ya zo koya ya ɗau jaka ya ƙara gaba.

Saƙo dai ba ya yankewa. Hulkar takan sa abin ji a kunne tana huda tsakiyar gurasa da ƙarfen ado, muryarsa na ba ta labari. Kasuwar tumaki ta Kashgar. Hanyar duwatsu inda mota ta yi ta hawa har hancinsa ya haɓo. Lahore, inda ake karya kumallo da ƙafar akuya kuma babu mai ganin laifin kowa. Dhaka da ruwan saman da ya yi kwana tara bai ɗauke ba. Padang, inda ake jere wa mutum ɗaya ƙananan faranta ashirin. Ta san waɗannan garuruwa fiye da yadda ta san Tashkent, ita da ba ta taɓa wuce gidan kakarta a Rishtan ba. Tana son sa, ba ta taɓa ɓoye wa kanta ba. Amma kwana goma da suka wuce ta rubuta masa layi ɗaya: za a karya gurasa Alhamis ta sama. Ya amsa da kalma biyu, ina hanya.

Washegari Talata Sardor ya zo rumfar gurasa. Ɗan yayan mijin Gwaggo ne, yana da shagon wayoyi biyu da turaren da ke riga shi isowa. Ba mugu ba ne, shi dai bai saba neman abu ya rasa ba.

"Sannu da aiki, Hulkar. Ba ni huɗu."

Ta naɗe masa.

"Na ji an ce kina kiwon tsohuwar gurasa."

"Gwaggo ba ta ɓata lokaci."

"Tausayinki take ji. Ni ma haka." Ya ciro waya, ya ɗan daddanna, ya juyo mata da ita. "Ban so na nuna miki ba, amma gani ya kori ji."

Hoto ne daga shafin wani gidan abinci a Lahore. Doniyor na tsaye yana dariya, ya rame ya yi baƙi. Kusa da shi wata mace kyakkyawa ce da jan mayafi. A bangon bayansu an rataye gurasa irin ta can, siririya, da zare. An gatsa gefenta sau ɗaya.

Hulkar ta san wannan gatsar. Haƙorinsa na gaba ɗaya ya ɗan karkace, kuma shekara uku tana kallon shaidarsa.

"Gurasarka za ta huce," ta ce.

Da ya tafi ta koma bayan tanderu ta zauna a kan buhun gari. Kuka bai zo ba, kunya ce ta fi yawa.

Laraba da la'asar Doniyor ya iso, da jaka ɗaya a baya da takalmin da ya gaji da duniya. Bai ko biya gidan kawunsa ba. Aka shimfiɗa masa a gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi, Usta Ergash, baban Hulkar, ya zauna daura da shi. Mutum ne da wutar tanderu ta cinye gashin hannunsa tun yana saurayi, ta kuma rage masa yawan magana. Gwaggo ta kafa kujera a gefe ba tare da an gayyace ta ba. Hulkar ta kawo shayi. Da suka haɗa ido ya ce a hankali, "Raina... kin rame." Ta yi kamar da inabi yake.

"To, ɗan yawon duniya," in ji Usta, "me ka samo?"

"Na gano ba mu kaɗai muka iya shinkafa ba, Usta."

"Shekara uku don ka gano wannan? Da ka tambaye ni."

Gwaggo ba ta iya jira ba. Ta tura wayarta gabansa, don Sardor ya riga ya aiko mata da hoton.

"Kafin a yi nisa, gaya mana wace ce wannan."

Doniyor ya duba, sai ya tuntsire da dariya.

"Ai gidan Malam Liaquat ne, inda na yi aiki. Wannan matar ɗansa ce, 'ya'yanta uku. Mijinta ne ma ya ɗauki hoton."

Da ya yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Amma tafiya ta koya masa ba da labari, ba ta koya masa inda ake tsayawa ba.

"Al'adar nan tamu burge su take yi sosai. Ko'ina na nuna musu sai an yi murna."

"Ko'ina?" in ji Usta.

"Duk gidan da na daɗe. Ka san ranar rabuwa da wuya, ana ta koke-koke. In na gatsa gurasa na ce su rataye, sai hankalin kowa ya kwanta." Ya fara lanƙwasa yatsu. "Kashgar. Wani ƙauye kusa da Gilgit. Lahore. Dhaka. Penang. Padang."

"Shida," in ji Gwaggo, da daɗi a bakinta. "Da tamu ta akwati bakwai. Allah Ya ƙara arziki."

Shi har yanzu bai ga ramin da ya faɗa ba.

"Ta Gilgit ce ma ta fi ban tausayi. Wata tsohuwa ce, Bibi Nargis. Ƙanƙara ta rufe hanya na yi wata huɗu a gidanta. Ɗanta direban babbar mota ne, ya faɗa kwazazzabo shekara biyu kafin zuwana. A ɗakinsa ta sauke ni, rigarsa ta sanyi ta ba ni. Kullum sai ta sa min gishiri a shayi ta ce na fi shi ci. Ranar da zan tafi ta riƙe jakata ta ƙi saki, sai da na gatsa mata gurasa."

A nan Hulkar ta yi magana, karo na farko.

"Me ka ce mata?"

"Na ce mata a garinmu in an yi haka dole mutum ya dawo."

"Dole."

"Haka dai ake faɗa..."

"Ta tambaye ka yaushe?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Na ce in tuffa ta nuna."

"Sau nawa tuffa ta nuna tun lokacin?"

"Biyu."

"Ka kira ta?"

"Lambar da suka ba ni ta daina shiga tuntuni."

Kishin da ya kwana yana cin ta tun jiya sai ta neme shi ta rasa. Abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi. Ita ta san abin da ake nufi da ajiye gurasa. Ta san sauya ƙyalle, ta san yadda gaba ke faɗuwa in ka ga ɗan tsagu a gefe. Ga shi can a bayan duwatsu wata tsohuwa na yin wannan aikin, ita kuma ko murya ba ta samu a kunne.

Ta ɗauki butar shayi. Mu ɗan kaɗan muke zuba wa baƙo don a yi ta ƙara masa, hira ta yi tsawo. Ta zuba masa har sai da kofin ya cika fal, ya kusa tumbatsa. Duk yawonsa bai manta ma'anar wannan ba. Ya kalli kofin, ya kalle ta, ya shanye duk da zafinsa, ya yi wa Usta sallama ya ɗauki jakarsa.

"Yawwa," in ji Gwaggo. "Yanzu kika zama 'yar gidan nan."

Alhamis da hantsi an gama fitar da gurasar safe, Usta na ciki yana kwaɓa ƙullun rana, Hulkar na share gaban rumfa. Sai ga Doniyor, jakar nan dai a baya.

"Ba zan daɗe ba," ya ce. "Hulkar, wallahi ni abin kwantar da hankali na ɗauke shi. Taki ce kawai ta gaske."

"Su ka gaya musu haka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Zan koma. Gida-gida zan bi in cinye, in ba su haƙuri. Shekara ɗaya ta ishe ni. Na san ba ni da bakin roƙo, amma... ki ba ni gurasa ɗaya mai zafi in gatsa."

Ta jingine tsintsiyar.

"Ka ji kanka kuwa? Wata kuma?"

"To ya zan yi, raina?"

"Ba na sake ajiye wa kowa gurasa, Yaya Doniyor. Na yi na farko na yi na ƙarshe. Kai ba mutumin da za a bari ya tafi shi kaɗai ba ne, in ka je gida shida sai ka dawo ka bar goma sha biyu."

"Shi ke nan ke nan?"

"Ban ce ba. Na ce ba a sake bari na a baya."

Sai da ya ɗan jima kafin maganar ta shige shi. Kafin ya buɗe baki Usta ya fito daga ciki, hannuwa duk gari. Ashe ƙullu ba ya toshe kunne.

"Shekara arba'in ina gasa gurasa," ya ce, "ban taɓa jin wanda ya wulaƙanta ta a gari har shida ba. Wannan kike so in ba?"

"Shi ya sa zan bi shi, Baba, in tsaya a kansa har ya cinye."

"Sardor na da gida, yana da mota."

"Sardor ya kawo min hoto don ya ga na ji kunya a gaban rumfarka. Ya kuma tsaya ya kalla."

Usta ya daɗe yana goge hannu a jikin rigar aiki.

"Ɗauko ta akwatin," ya ce.

Ta ɗauko. Ya ajiye a gaban Doniyor a kan teburin sayarwa, masu wucewa na kallo.

"Fara da ta gida. Ban da jiƙawa."

Rabin awa ya yi yana fama. Dadashinsa ya fashe, idonsa ya kawo ruwa, wata tsohuwa mai sayen gurasa ta tambaya ko alwashi ya ɗauka. Bai bar ko ɓurɓushi ba.

Da azahar matan gidan su Sardor suka iso da ƙunshinsu na gurasar baiko. Aka ba su shayi da inabi, aka yabi lafiyarsu, aka mayar musu da ƙunshin yadda suka kawo shi, ko kwancewa ba a yi ba. Gwaggo ta rantse ba za ta ƙara taka gidan ba, ta kuma cika rantsuwar har tsawon kwana tara. Mako na gaba matar kawun Doniyor ta zo da tata tawagar aka karya gurasa.

Hulkar ta so a ɗaura aure cikin sati biyu su kama hanya kafin sanyi. Usta ya ce sam, 'yarsa ba za ta fita kamar an sato ta ba. Sai an yi ɗinki, sai an kira dangin Rishtan, sai an yi osh na mutum ɗari biyar. Ita ma, in za a faɗi gaskiya, ba ta ja da ƙarfi ba. Ta daɗe tana jiran bikin nan, kuma rigar ta yi mata kyau. Kafin a gama ziyarce-ziyarcen amarya ƙanƙara ta rufe hanyar duwatsu, sai suka zauna jiran bazara.

A watan huɗu suka tashi. Ranar farko ta yi amai sau uku a mota, ta ce duk wanda ya ce tafiya da daɗi maƙaryaci ne. Kafin su kai Kashgar ta fara ciniki da hannu, tana ɗanɗana gurasar mutane tana cewa gishiri ya yi kaɗan. Mai masaukinsa na can ya rungume shi, amma da aka tambayi gurasa sai ya kalli matarsa. Ta ce ai tumaki sun cinye tun bara. Aka yi ta dariya, aka yanka musu kaza.

"Kin gani?" in ji Doniyor a hanya. "Ba kowa ya ɗauke ta da zafi ba."

"Allah Ya sa," ta ce.

Kwana uku suka yi suna hawa suna sauka. Ta ga duwatsun da yake ba ta labari, ta yarda bai yi ƙari ba. Ƙauyen Bibi Nargis na gefen wani rafi, itatuwan tuffa duk sun yi fure. Doniyor na gaba yana sauri, yana gaisawa da mutane da yarensu, da ƙunshin atamfar siliki ta Margilan da Hulkar ta zaɓa wa tsohuwar da hannunta.

Matar marigayi direban ce ta buɗe ƙofa. Ta gane shi nan take. Ta yi magana kaɗan, a hankali. Hulkar ba ta jin yaren, amma ta ga ƙunshin ya sulale daga hannunsa.

"Me ta ce?"

"Ta rasu. Wata biyu ke nan. Cikin sanyi."

Matar ta shigar da su ɗaki. Gurasar na nan a bango sama da murhu, mai kauri irin ta ƙauyen, cikin wata 'yar jaka da aka ɗinka mata musamman aka yi wa ado da jan zare. Ta sauko da ita da hannu biyu, ta ƙara wata maganar.

Wannan karon sai da Hulkar ta taɓa shi kafin ya fassara.

"Wai ta hana kowa taɓawa. Har ranar da za ta cika tana cewa kada a sauke, ɗanta bai gama cin abincinsa ba."

Ya zauna a ƙasa, ya ciro gurasar, ya kai baki. Ta ƙi gatsuwa. Ya sake gwadawa, hawaye na zuba a kanta. Hulkar ta tsuguna kusa da shi, ta karɓa, ta dafa ta a gwiwa ta karya biyu yadda babanta ke yi. Ta miƙa masa ɗaya ta riƙe ɗaya.

"Ba taki ba ce," ya ce. "Ni na yi ƙaryar."

"Kai ka yi. Amma da mun taso lokacin da na fara faɗa, da mun same ta. Ni na tsaya ɗinkin riga."

Matar ta kawo musu shayi mai gishiri, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Babu wanda ya tsoma tasa a ciki. Sun daɗe suna ci.